Gidan kwana da karin kumallo, otal ko gidan haya: ina ya fi dacewa ka sauka a ƙasar duwatsu?

Mai shirin zuwa ƙasar duwatsu yakan fara da kallon hotunan ɗakuna: wannan gadonsa babba ne, wancan tagarsa na kallon ƙololuwa mai dusar ƙanƙara. Hotunan ba ƙarya suke ba, sai dai ba su ke raba masauki mai daɗi da mai wahala ba. Lokuta biyu ne a yini suke yanke wannan hukunci. Na farko ƙarfe shida na safe, sa'ad da kake son fita kafin rana ta ɗaga. Na biyu ƙarfe bakwai na yamma, sa'ad da ka dawo a gajiye, takalma a jiƙe, ciki na kiran ciroma. Duk masaukin da za ka biya, ka auna shi da waɗannan lokuta biyu.

Zaɓin da ke gabanka yawanci huɗu ne: gidan kwana da karin kumallo, otal, gidan haya mai madafa inda za ka dafa da kanka, sai kuma masaukin can saman dutse da masu hawa ke kwana a ciki. Na farkon shi ya fi kwanta mini, amma yana da rauni biyu da sukan ɓata wa mutane tafiya in ba su shirya musu ba.

Gidan kwana da karin kumallo gidan mutane ne kafin ya zama masauki. Masu shi suna zaune a ciki ko a sashen da ke jingine da shi, sun ware ɗakuna kaɗan suna karɓar baƙi, kuɗin ɗakin kuma ya haɗa da abincin safe. A wasu ƙasashe doka ce ma ta tsayar da girmansa. A Faransa irin wannan gida ba ya wuce ɗaki 5 da baƙi 15 a lokaci guda. A Ostiriya, iyalin da ke ba da ɗakunan gidansu a matsayin sana'ar gefe, gado 10 aka yanka musu. Daga wannan ƙanƙanta alherinsa ya fito, daga ita kuma matsalolinsa suka fito.

Babban abin da kake saye a irin wannan gida ba gado ba ne, sanin da mai gidan ya yi wa dutsen ne. Taswirar wayarka za ta nuna maka hanya, amma ba za ta gaya maka cewa gefen da rana ba ta samu yana riƙe da ƙanƙara har cikin watan Yuni ba, ko cewa ruwan makon jiya ya tafi da 'yar gadar katakon da ke kan rafi, ko cewa bas ɗin ƙarshe da aka rubuta a allo ba ya zuwa in makarantu suna hutu. Wanda ya shekara da shekaru yana kallon dutse ɗaya daga tagar madafarsa ya san kusurwar da hadari ke tasowa, ya san irin gajimaren da ke watsewa da hantsi da wanda ke kwana. Da ɗan gari kan ci gari. A babban otal kuwa, wanda ke zaune a teburin karɓar baƙi sau da yawa shi ma baƙo ne, aikin kaka ɗaya ya kawo shi. Zai miƙa maka takardar talla cikin fara'a, amma ƙila ƙafarsa ba ta taɓa taka hanyar da kake tambaya ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi, wanda hoto ba ya nunawa. A gida mai baƙi shida ko takwas, in dare ya yi ba ka dawo ba, akwai wanda zai lura. In da safe ka faɗi inda ka nufa da lokacin da kake sa ran dawowa, to ka bar mutum a bayanka da zai iya kiran masu ceto ya gaya musu gefen da za su fara dubawa. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce, amma lamba ba ta da amfani in ka zame a kwazazzabon da waya ba ta kamawa. A otal mai ɗaki ɗari, sai mai gyaran ɗaki ta zo washegari ta tarar ba a taɓa gadon ba, in ma ta kula. A gidan haya babu mai lura sam, sai ranar mayar da makulli. Ga mai tafiya shi kaɗai, wannan dalili ɗaya ya isa ya rinjayi sauran.

Amma ka tabbatar masu gidan suna nan. Yanzu akwai wurare da yawa da ke tallata kansu da wannan suna alhali makullin yana cikin ɗan akwati a bakin ƙofa, ana turo maka lambobin buɗewa ta waya, karin kumallon kuma takarda ce da za ka kai wani shagon shayi. Ba laifi ba ne, amma ka rasa abin da ya sa gidan ya fi otal, ba ka kuma samu hidimar otal ba. Tambaya ɗaya ta wadatar: a gidan kuke kwana?

Rauninsa na farko safiya ce. A lokacin zafi, hadarin duwatsu da rana yake haɗuwa. Rana na dukan gangare, iska mai ɗumi na hawa, gajimare na taruwa, daga tsakar rana zuwa la'asar sai tsawa ta fara. Shi ya sa masu hawa ke sammako, don su taka ƙololuwa su juyo kafin sama ta canza. Gidan kwana kuwa mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da shi, karin kumallo yakan kasance tsakanin takwas da tara. In ka zauna ka ci, ka yi hira da sauran baƙi, ka ɗaura takalmi, sai goma ta same ka a gindin dutse, ka riga ka zubar da sa'o'in da suka fi kyau a yinin. In ka tsallake abincin kuma ka biya kuɗin abin da ba ka ci ba. Maganinsa mai sauƙi ne in ka yi magana da wuri. Yawancin masu gida a ƙasar masu hawa sun saba su ajiye maka faranti da filas tun dare, ko su ƙunshe maka burodi, cuku da dafaffen ƙwai ka tafi da su. Amma alfarma ce, ba haƙƙi ba, don haka tun kafin ka biya kafin alƙalami ka nema. A nan ne kuma za ka faɗi abin da ba ka ci. Teburin safe a tsibirin Birtaniya da duwatsun Alps na Turai sau da yawa yana da naman alade, madafa ƙarama kuma ba ta da zaɓi goma a ajiye. In ka faɗa tun farko za a tanadar maka wani abu, in ka bari sai an ajiye faranti ka sa mai gida jin kunya.

Otal ya fi sassauci a nan, don yakan buɗe teburinsa da wuri ya daɗe bai rufe ba. Gidan haya ya fi kowa: agogonka ne, ko ƙarfe huɗu ka ga dama ka dafa shayi. Masaukin saman dutse kuwa don sammako aka gina shi, masu nufin ƙololuwa kan karya tun duhu bai yaye ba.

Rauni na biyu ya fi na farko ciwo, wato abincin dare. Ba ya cikin yarjejeniya. A birni wannan ba komai ba ne, ka fita ka sami wuri. A ƙauyen dutse mai gidan abinci ɗaya, wanda ke hutu rana guda a mako, madafarsa kuma ta rufe kafin tara, labari ya sha bamban. In gidan da ka sauka yana can gefen gangare, kilomita takwas daga ƙauyen, to kowane dare sai ka sake tuƙa mota a hanya mai lanƙwasa, cikin duhu, da ƙafafun da suka wuni suna hawa. Wanda ba shi da mota kuma yana iya kwana da biskit. Na fi ganin wannan a matsayin abin da ke sa mutane su yi da-na-sanin zaɓen gida mai kyan gani a keɓe. Wasu gidajen suna dafa abincin dare in an sanar da su. A Faransa tsari ne sananne: girki iri ɗaya, a teburi ɗaya da masu gida, ga baƙin da suka kwana kawai. In ka sami gida mai yin haka ka riƙe shi da kyau, don ya toshe ramin gaba ɗaya. In babu, ka auna nisan gidan abinci mafi kusa da tafiyar ƙafa, ba da mota ba, ka kuma tambayi ranar da yake rufewa.

A nan otal ke cin nasararsa. Otal-otal ɗin duwatsu da yawa suna sayar da ɗaki haɗe da abincin safe da na dare. Ka dawo, ka yi wanka da ruwan zafi, ka sauko matakala ka ci, ka koma ka kwanta. Ga mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, wannan sauƙin ba ƙarami ba ne. Haka ma lif, da ɗaki a hawan ƙasa, da banɗakin da keken guragu ke shiga. Tsofaffin gidajen dutse matakalarsu ƙunci gare ta, ga tsayi, ba kuma kullum ake samun mai ɗaukar maka jaka ba.

Gidan haya kuwa lissafinsa daban ne. Ga iyali mai mutum biyar ko shida da za su yi mako guda, kusan kullum shi ya fi araha, kuma yara za su yi gudunsu ba a ce su yi shiru ba. Farashinsa aiki ne. Kai za ka sayo kayan miya daga gari ka hau da su, don shagon ƙauye ƙarami ne, ga tsada, a wurare da yawa kuma ba ya buɗewa ranar Lahadi. Girki ma ya fi jan lokaci: a tsawon mita 2,000 ruwa na tafasa ne a wajen digiri 93, ba 100 ba, saboda haka abin da ka saba ya nuna da wuri sai ya ƙara mintoci. Ga kuɗin shara da ake ɗorawa sau ɗaya a ƙarshe, wanda ba ya yin nauyi in an raba shi kwana bakwai, amma yakan mayar da kwana biyu tsada fiye da otal.

Sai maganar sanyi, wadda masu zuwa lokacin zafi kan raina. A matsakaici, duk mita 1,000 da ka hau zafin iska na raguwa da kamar digiri 6.5. Ƙauyen da ke mita 1,500 ya fi bakin teku sanyi da kusan digiri 10, da dare kuma abin ya fi haka. Otal yana ɗumama ɗakunansa dare da rana. A gidan mutane, mai gida ne ke biyan kuɗin mai ko itace, ba mamaki ya kashe hita da tsakar dare, ko ya ƙi kunna ta sam a watan da yake ganin bazara ce. Ruwan zafin ma daga tanki ɗaya yake zuwa, wanda ya yi wanka a ƙarshe shi zai gane. Ka tambayi yadda ake ɗumama ɗakin, da ko akwai wurin shanya takalma da riguna. Takalmin da ya jiƙe yau, in bai sami ɗumi ba, gobe ma a jiƙe za ka sa shi. In kuma murhu ne ko hitar gas a cikin ɗakin kwana, ka duba ko akwai na'urar da ke ƙara in gubar hayaƙi ta taru, don wannan iska ba ta da wari, cikin barci take kashe mutum.

Game da sirri kuwa, gaskiya ita ce a gidan kwana kai baƙo ne a gidan wani. Daɓen katako na kai sautin tafiya, maƙwabcin ɗakinka zai ji tarinka, da safe kuma wataƙila teburi ɗaya za ku zauna da mutanen da ba ka sani ba. Wasu wannan suke nema, don a teburin nan ake jin wace hanya ce ta yi kyau jiya. Wasu kuwa hutu a wurinsu shi ne kada kowa ya yi musu magana kafin hantsi. Kowa ya san halinsa. Ka kuma karanta bayanin banɗaki da kyau: wani a cikin ɗaki yake, wani naka ne kai kaɗai amma sai ka tsallaka baranda, wani kuma na haɗaka ne.

Inda gidan yake a jikin dutsen ya fi irin gidan muhimmanci a lokacin sanyi. Iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare takan gangaro ta kwanta a ƙasan kwari, shi ya sa za ka ga ƙauyen da ke ƙasa cikin hazo yini guda alhali gidan da ke sama da shi kaɗan yana shan rana. Kwari mai zurfi kuma yana iya rasa rana gaba ɗaya. Ƙauyen Viganella a arewacin Italiya ba ya ganin rana daga 11 ga Nuwamba zuwa 2 ga Fabrairu, har a 2006 aka kafa wani katon madubi a gangaren da ke sama don ya jefo haske dandalin garin. Mutanen Rjukan a ƙasar Norwe su ma sun yi haka a 2013. Ba kowane kwari ya kai wannan ba, amma darasin a fili yake: a arewacin duniya, gangaren da ke fuskantar kudu shi ke da rana. Otal-otal galibi suna ƙasa, kusa da tashar jirgi da babbar hanya. Gidajen kwana da na haya su ne a warwatse a gangare. Hasken ranar da suke samu kuwa da wahalar hanya ake biyansa, don ƙaramar hanyar da ke hawa gidan ita ake sharewa a ƙarshe in dusar ƙanƙara ta zuba. A yankunan duwatsun Faransa da doka ta ayyana, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris dole mota ta kasance da tayoyin sanyi ko ta ɗauki sarƙar taya. Wasu wuraren ma mota ba ta shiga: mai zuwa Zermatt a Suwizalan a Täsch yake ajiye motarsa ya ƙarasa da jirgin ƙasa. A irin wannan gari, nisan gida daga tasha, da jaka a hannu kuma hanya na hawa, shi ne abin tambaya.

Masaukin saman dutse ba kishiyar gidan kwana ba ne, abokin aikinsa ne. A Alps yawancinsu daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba suke buɗe, kwanan haɗaka ne a ɗaki mai gadaje jere, kowa da zanin kwanansa, ƙarfe goma a yi shiru. Ba wurin hutu ba ne, wurin kwana ɗaya ne don ka wayi gari kusa da ƙololuwa. Tsarin da ya fi ma'ana shi ne ka yi sansani a gidan kwana a ƙasa, ka bar babbar jakarka can, ka hau ka kwana ɗaya, ka sauko. Haka masu hawa Toubkal a Maroko, mai tsawon mita 4,167, suke yi: su kwana a gidajen ƙauyen Imlil a wajen mita 1,800, sannan su hau masaukin da ke wajen mita 3,200. Wannan ba don jin daɗi kaɗai ba ne. Daga wajen mita 2,500 jiki ke fara jin ƙarancin iska, da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci, kuma tsawon inda ka kwana ya fi tsawon inda ka taka da rana tasiri. Shawarar likitocin duwatsu ita ce, in ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda. Shi ya sa masu nufin gindin Everest a Nepal kan yi kwana biyu a Namche, mita 3,440, kafin su ci gaba. Gidajen hanyar can kuma tsarinsu daban ne: ɗaki da araha, amma da sharaɗin a gidan za ka ci, wankan ruwan zafi da cajin waya kuma kowanne da kuɗinsa.

Wajen kwatanta kuɗi, kada ka tsaya a lambar farko. Wasu gidajen da kan mutum suke lissafi, wasu da ɗaki, mai tafiya shi kaɗai kuma yakan biya fiye da rabin kuɗin mutum biyu. Ka ɗora abincin dare a kan kuɗin gidan kwana kafin ka ajiye shi kusa da na otal mai ciyarwa sau biyu. Sau da yawa tazarar da kake gani sai ta tsuke. Garuruwan yawon buɗe ido da dama suna karɓar harajin kwana a kan kowane baƙo, wasunsu kuma suna ba da katin baƙi da ake hawa bas kyauta da shi, wanda ya cancanci a tambaya. Ƙananan gidaje da yawa tsabar kuɗi suke so, na'urar cirar kuɗi kuma tana iya zama a garin ƙasa. Sharaɗin fasa zuwa ma a gidan kwana ya fi tsauri, kuma da dalili: mai ɗaki uku in ka fasa ya rasa sulusin cinikinsa na wannan dare. Ka nemo gidan a intanet, amma ka rubuta wa masu shi kai tsaye. Dandalin da ke haɗa ku yana yankar kasonsa, kuma yadda suka amsa tambayoyinka, da sauri ko da jan ƙafa, dalla-dalla ko a dunƙule, shi zai nuna maka irin mutanen da za ka kwana a gidansu.

Ni dai ga mutum ɗaya ko biyu da za su yi kwana biyu zuwa huɗu, suna fita da safe su dawo da yamma, ban ga abin da ya kai gidan kwana da karin kumallo ba, muddin masu shi suna ciki kuma akwai abincin dare a gidan ko a nisan tafiyar ƙafa. In ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan biyu ya faɗi, otal ƙarami na iyali mai ciyarwa safe da dare ya fi. Wanda zai iso da tsakar dare ma otal ya kamata ya nufa, don mai gida da zai tashi da asuba ya kunna wuta ba zai zauna jiranka har ɗaya ba. Iyali babba masu mako guda da mota su kama gidan haya.

Ka kuma duba kalanda kafin komai. Ƙauyukan Alps suna da lokutan mutuwar kasuwa biyu, bayan narkewar ƙanƙara a Afrilu da Mayu, sai kuma Nuwamba kafin ta sake zuba. A lokacin otal-otal da yawa a rufe suke, motocin da ke hawa dutse a kan waya ana gyaransu, gidan abinci ma ya tafi hutu. Gidan kwana yana iya kasancewa a buɗe tun da masu shi can suke zaune, farashi kuma ya sauka. In a wannan lokaci za ka je, ka rubuta ka tambaye su abin da ke buɗe a ƙauyen a ranakun da za ka zo, da ko za su yarda ka ɗumama abinci a madafarsu.